Awa Ɗaya Kafin a Buɗe Ƙofa

Saura kaɗan Renae ta bar layi na biyu babu komai. Fom ɗin otal ɗin yana neman sunan duk wanda zai kwana a ɗakin, ita kuwa tana tsoron rubuta abin da bai faru ba tukuna. Ta juya biron a hannu, ta waiga ko akwai mai jira a bayanta. A ƙarshe ta rubuta da ƙananan baƙaƙe: Marnie, shekara shida.

Matar da ke teburin karɓar baƙi sunanta Losa, 'yar Samoa ce mai faɗin fuska, da farin fure a bayan kunne. Ta miƙo mata warwaron roba guda biyu, babba da ƙarami, ta shiga jero mata amfaninsu kamar mai karanta haddar da ta gaji da ita. Da shi ake buɗe ɗaki. Da shi ake shiga wurin iyo da wurin ajiye motocin baƙi. Da shi ake karya kumallo tare da mutumin da ke sa rigar koala, wata dabba mai gashi, don ba yara dariya, kuma sau uku a rana mai shi zai iya tsallake layin hawa lilo a filin wasan yara da ke jikin otal ɗin. Babban abin dai shi ne ƙaramar ƙofar baya, wadda ake buɗe wa baƙin otal ƙarfe takwas, alhali sauran jama'a sai tara suke shiga filin wasan.

"Ina 'yar taki?" in ji Losa.

"Gobe da safe za a kawo ta."

"To ki ajiye nata inda ba za ki manta ba, 'yar uwa. Iyaye sun fi yaran ɓatar da shi."

Saboda wannan awa ɗaya Renae ta kama ɗakin na kwana biyu. Noelene, wadda suke wanki da guga tare a gidan kula da tsofaffi a Dalby, ta yi ta mata tsiya tun da ta ji labari. Ta ce akwai ƙananan masauki a bakin babban titi da kuɗin kwana ɗaya na nan zai biya kwana uku a can, kuma duk waɗannan alfarmomin dabara ce ta tatsar mutanen ƙauye irinsu. Renae ba ta yi mata gardama ba, don ba ta iya gardama. Abin da ba ta faɗa ba shi ne Marnie ba ta jure hayaniya. Da mutane sun yi yawa sai ta toshe kunnuwa da hannu biyu ta durƙusa a inda take. Yarinya irin wannan, filin wasa ba zai yi mata daɗi ba sai lokacin da babu kowa a ciki.

Shekara biyu ke nan Marnie tana Murwillumbah, a wancan gefen iyakar jihar Queensland da New South Wales, wurin kakarta ta wajen uba, Glenys. Uban yarinyar yana aikin haƙar kwal can yamma, sai ya yi mako biyu bai dawo ba, kuma tun lokacin da ciwon damuwa ya kwantar da Renae suka rabu. Da Renae ta samu sauƙi Glenys ta yarda ta riƙa zuwa ganin 'yarta. Sau biyu ta saɓa alkawari. Na farko mota ce ta mace mata a hanya. Na biyu kuwa babu wani dalili da za a iya faɗa, ta dai kasa tashi daga gado ne. Bayan wannan Glenys ta gaya mata a waya, ba tare da ɗaga murya ba, cewa ba za ta sake yi wa yarinya kwalliya ta zaunar da ita a bakin taga ba. In aka yi na uku, to an gama.

Maganarsu ta ƙarshe ba ta kai minti ɗaya ba. Glenys ta ce za ta kawo Marnie ƙofar otal bakwai da rabi na safiyar Asabar, Renae ta ce to, kowa ya ajiye waya.

A watan Janairu, tsakiyar zafi a ƙasar, gari yana wayewa a nan Gold Coast tun kafin biyar. Renae ta tashi da hasken farko, ta yi wanka, ta gyara ƙaramin gadon da ba a kwanta a kansa ba. Masu gyaran ɗaki sun naɗe tawul sun mai da shi giwa a kan filon, ta bar shi yadda yake. Wajen ƙarfe shida ta jona wayarta a caji don kada ta mutu a tsakiyar ɗaukar hoto, ta fita ta bi hanyar baƙi har ƙaramar ƙofar, tana auna tafiyar da gajeren taku irin na yaro. Minti tara. Ta leƙa ta cikin ƙarafunan ƙofar ta gano inda lilon dawakai yake, da inda banɗaki yake, da wani benci a ƙarƙashin bishiya inda za su fake in taro ya soma yawa. Ta daɗe a wurin tana kallon wani mutum yana wanke ƙasa da tiyo.

Bakwai da kwata ta shigo zauren otal ɗin, ta zaɓi kujerar da ke kallon ƙofa. Ba ta kai ga zama ba Losa ta fito daga bayan tebur.

Wata tsohuwa ta zo, in ji Losa, da yarinya mai hula rawaya. Tun wajen shida da rabi. Shingen wurin ajiye motoci bai buɗe wa motarta ba tunda ba ta da warwaro, sai ta ajiye ta a bakin titi suka tako da ƙafa. An buga wayar ɗaki sau biyu ba a ɗauka ba. Tsohuwar ta nemi lambar ɗakin, Losa ta ce doka ba ta ba ta damar faɗa ba. Sun zauna a wannan kujerar, yarinyar ba ta ɗauke ido daga lifta ba. Minti goma da suka wuce suka tafi.

"Amma bakwai da rabi muka yi da ita," in ji Renae. Ta nuna agogon bango.

Losa ta dubi agogon, ta dubi Renae. "Daga ina take?"

"Murwillumbah."

"Ayya. Ba ku tambayi juna na wane gefe ba?"

Renae ta san da maganar, kowa a Queensland ya sani. Da zafi ya shigo, mutanen New South Wales sai su tura agogonsu gaba da awa ɗaya, na wannan gefen kuwa ba a taɓa shi. Waɗanda ke zaune a bakin iyaka ba sa yin alkawari sai sun tambaya, naku ko namu. Amma Dalby nesa take da iyaka, kuma duk zuwan da ta taɓa yi wurin Glenys lokacin sanyi ne, sa'ad da agogon biyu suke tafiya tare.

"Ku ne fa kuka ƙi canzawa," in ji Losa, tana neman ta sa ta murmushi. "Wai in an taɓa agogo labulenku zai koɗe, shanunku su rikice."

Renae ta hau sama. Kira uku ta tarar a wayar. Ta buga, ta sake bugawa, ba a ɗauka ba, Glenys ba ta taɓa waya in tana tuƙi. Ta zauna a gefen ƙaramin gadon har takwas saura kwata, sannan ta tashi, don ba ta san abin da za ta yi da kanta a ɗakin ba. Ta sa ƙaramin warwaron a aljihu ta bi hanyar da ta auna.

Baƙin da suka taru a ƙofar ba su fi talatin ba, kuma da aka buɗe sai duk suka ruga wajen manyan jiragen da ke juya mutum a sama. Ɓangaren ƙananan yara ya zama nata ita kaɗai. Ƙasa tana jiƙe, ana jin kukan tsuntsaye, kiɗan ma a hankali aka kunna shi. Daidai yadda ta zata. Matar da ke kula da lilon dawakai ta dubi bayan Renae tana neman yaro, da ba ta ga kowa ba sai ta ce manya ma suna hawa. Renae ta hau wani farin doki mai jan linzami. Ya zagaya da ita sau bakwai, sauran dawakan suna hawa da sauka babu kowa a kansu.

Da ta sauko ta ci karo da mai rigar koala yana yawo da mai yi masa jagora. Ya ɗaga mata hannu. Ya duba dama da hagu, babu yaro ko ɗaya, sai ya buɗe hannuwansa. Ta bari ya rungume ta. Rigar tana warin sabulu da zufa, kuma ta ji numfashin wanda ke ciki.

Ƙarfe tara aka buɗe babbar ƙofa, mutane suka kwararo da kekunan jarirai da jakunkunan sanyaya abinci. Ta koma bencin nan na ƙarƙashin bishiya ta sake bugawa. Wannan karon aka ɗauka.

Glenys ba ta bari ta yi magana ba da farko. Ta ce minti arba'in suka yi a zaune, ita da gwiwarta mai ciwo, a wurin da ko lambar ɗaki an hana ta kamar ɓarauniya. Renae ta jira ta kai aya, sannan ta ce bakwai da kwata ta sauko, da agogon nan gefen.  Ana jin rediyo a ɗakin girkin Glenys.

"Ni na faɗi lokaci," in ji Glenys. "Da agogona na faɗa."

"Na sani. Ya kamata in tambaya."

"Ya kamata ɗayanmu ta tambaya." Ta ja numfashi. "Ba ta yi kuka ba, Renae. Da ma ta yi. Hular kawai ta cire ta ajiye a cinya har muka iso gida."

Renae ta ce za ta taso yanzu, awa ɗaya ce tafiyar. Glenys ta ce a'a, yau dai a bar yarinyar, ta riga ta kai ta gidan maƙwabta inda ake yi wa 'yarsu bikin zagayowar haihuwa, kuma ba za a fizgo ta daga can a jefa ta cikin taron rana ba. Ita kuma ba za ta sake wannan tuƙin ba.

"Gobe fa? Ni zan zo in ɗauke ta."

"Ba zan gaya mata komai ba. In kin zo, kin zo."

"Ƙarfe nawa?"

"Bakwai."

"Na wane gefe?"

"Nawa, 'yar nan," in ji Glenys, ta ajiye.

Sauran ranar doguwa ce. Renae ta ci soyayyen dankali a tsaye, ta kalli wasan tsuntsaye daga kujerar ƙarshe. Tsallaken layin nan uku ba ta taɓa ko ɗaya ba. Da la'asar ta tsaya a teburin Losa, ta jira har baƙin da ke gabanta suka watse, sannan ta tambaya ko warwaron yana aiki ranar da mutum zai bar ɗaki. Losa ta ce yana aiki har a rufe filin, da ƙofar takwas ɗin da komai, sai dai a fitar da kaya kafin goma, kuma za ta iya ajiye mata su a bayan tebur.

A ɗaki ta tarar an ajiye kati a kan madubi, mai tambaya ko zaman ya gamsar da ita, ko za ta shawarci wasu su sauka a nan, da fuskoki biyar daga mai dariya zuwa mai ɓacin rai. Noelene ma ta turo saƙo: "Ya dai, uwar masu kuɗi? Koalan ya biya kuɗinsa?"  Ta ɗauki biron otal ta yi lissafi a bayan katin. Bakwai na Glenys shi ne shida a nan. In suka taso nan take, za su iso bakwai na wannan gefen, da sauran lokacin karin kumallo kafin a buɗe ƙaramar ƙofa. Ta sake lissafawa, ya fito daidai. Ta cire agogon hannunta ta tura shi gaba da awa ɗaya tun rana ba ta faɗi ba.

Washegari ta fita da hasken farko. Ta ɗauki giwar tawul ɗin, ta yi tunani, ta mayar da ita kan filon. Titin kudu babu motoci sosai. Ta wuce iyaka ba tare da ta lura da allon ba, sai gonakin rake suka fara, hazo yana kwance a kansu.

Shida da minti ashirin da biyar agogonta ya nuna lokacin da ta tsaya a gaban gidan. Ta kashe mota, ba ta fito ba. Labulen falo a rufe yake. Ta zauna da ƙaramin warwaron a tafin hannu tana kallon ƙofar, har idonta ya sauka a kan kujerar da ke baranda. Wata 'yar jakar goyo ce a kai, an zuge ta, an soke gorar ruwa a gefe. An ɗora hula rawaya a sama.

Bakwai saura minti ɗaya ta buɗe ƙofar shingen, ta hau matakala ukun, ta ɗauki hular ta ƙwanƙwasa.