Burodin da Baba Zai Ci

Kwaɓin ya taso ke nan, ya kusa taɓa gilashin murfi, aka ɗauke wuta. Injin burodin ya yi ƙara sau ɗaya, 'yar fitilarsa ta mutu, fanka ta ci gaba da jan jiki har ta tsaya. Kalsum na durƙushe a gabansa, ko ƙwan lantarkin ba ta ɗaga kai ta kalla ba. Wanda aka haifa a Agege ba ya ɓata bakinsa wajen tambayar dalilin ɗauke wuta.

Daga uwar ɗaki mahaifinta ya yi gyaran murya.

"Uwata, ya gasu?"

"Saura kaɗan, Baba."

Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa bai taɓa kiran ta Kalsum ba. Malam Yari mahauci ne, a kwata ya ƙare ƙarfinsa, mutumin da a da yake saɓa cinyar bijimin sa a kafaɗa yana tafe yana hira. Tun ranar da ya sauka Legas yana saurayi, karin kumallonsa ɗaya ne: shayi mai kauri da burodin Agege. Sai ciwon suga ya kama shi, wani gyambo ya fito masa a ƙafa ya ƙi warkewa, likita ta ce farin burodi mai zaƙi ya haramta gare shi. Shi kuma tun daga ranar ya yi yaji da abinci. Tuwon alkama, faten wake, acca, duk Kalsum ta gwada; cokali ɗaya zai yi ya kau da kai. Ga magani ba a shan sa da yunwa. A zuwansu asibiti na ƙarshe likitar ta faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: in bai ci abinci ba, ƙafar nan ba za ta warke ba, kuma abin ba a ƙafa zai tsaya ba.

Yayanta Saminu, direban motar haya ta danfo, shi ya sayo injin a kasuwar Jankara, ɗan gwanjo. Ya dire shi a falo yana huci kamar wanda ya kawo maganin cutar gaba ɗaya. "Ki zuba garin alkama da yis da ruwa, ban da suga, ki danna nan. Otomatik ne, shi zai yi komai." Ya faɗa ya fice, irin na maza. Abin da bai faɗa ba, injin na son wuta ta wajen awa uku ba yankewa, abin da unguwarsu ta manta rabon da ta gani. Burodin farko ya fito kamar bulo. Na biyu ya yi tsami a ciki yana jiran wuta. Yau ne kawai kwaɓin ya yi kyau, ya taso sumul, har ta fara sa rai.

Balkissa, maƙwabciyarta 'yar Maraɗi, matar wani mai gadi, ta leƙo da goyo a baya.

"Kuran ya tahi ko? Tashi mu kai shi wurin mai aski, shina da gurup."

Kuran wutar lantarki ke nan a bakinsu, gurup kuma janareta. Suka kinkimi injin su biyu, a hankali kamar masu ɗauke da ƙwai, suka tsallake kwatami zuwa shagon da ke bakin layi. Mai askin ya dubi injin, ya dubi fuskar Kalsum, ya zare cajar wani ya ba ta wuri. Duk layin an san halin da Malam Yari yake ciki.

Ta jona, fitila ta kama, ta danna. Sai injin ya fara juyawa.

Ashe ba ya tuna inda ya tsaya. Maimakon ya gasa, daga farko ya koma, ya shiga dukan kwaɓin da ya riga ya tashi. Ta cikin gilashi tana kallo, abin da ta wuni tana lallaɓawa ya sace ya kwanta. Ta danna wannan, ta danna wancan, rubutun jikinsa ma ba Turanci ba ne balle ta roƙe shi da yaren da yake ji. Da ta zare wayar, aikin gama ya gama.

"Sori, anti," in ji mai aski.

Kalsum ta ji kuka ya taso mata, ta haɗiye, don shagon cike yake da maza.

"Kar ki zubar," Balkissa ta ce. "Mu gasa shi a yashi, kamar kek."

Haka aka yi. Suka mayar da injin falo, Balkissa ta jona shi a bango ko za a dace. Suka zuba yashi a tsohuwar tukunya, suka ɗora a kan gawayi, suka sa kwaɓin a kwano a ciki. Ƙamshi dai ya tashi, ba laifi. Amma da aka buɗe, ƙasan ya ƙone, saman ya tsage, ga nauyi kamar dutsen guga. Kalsum ta kankare baƙin da wuƙa, ta yanka inda ya fi dama, ta haɗa shayi ba suga, ta shiga ɗaki.

Ta tayar da mahaifinta zaune ta jingina shi da filo. Agogon hannunsa, wanda da yake matse shi, ya zame har gwiwar hannu. Ya karɓi yankan burodin ya yi masa abin da duk ɗan Agege yake yi kafin ya saya: ya matsa shi a tafin hannu ya saki. Burodin kirki yakan lotsa ya dawo. Wannan ko gezau bai yi ba.

Ya gutsura, ya tsoma a shayi, ya sa a baki. Ya daɗe yana taunawa, tana kallon maƙogwaronsa tana jira. A ƙarshe ya juya kai gefe ya mayar da shi a hannu, a ɓoye, wai kada ta gani.

"Allah ya yi miki albarka, Uwata. Kin sha wahala."

"Baba, ko loma biyu. Saboda magani."

"Anjima."

Wannan anjimar ta fi kowace kalma ba ta tsoro. Ta fito tsakar gida ta kira Saminu. Hayaniyar titi ta cika wayar, kwandasta na ta kiran Oshodi.

"Bai ci ba, Yaya."

"Injin fa?"

"An ɗauke wuta."

"To ki jira a kawo mana. Ina cikin goslo, wallahi ko motsi ba ma yi. Kar dai ki ba shi na waje o, kin ji abin da dokta ta ce."

Ya kashe. Ba ta ji haushinsa ba. Shi ma iyakar abin da zai iya ke nan. Ta tsaya riƙe da waya, ba ta san wa kuma za ta kira ba.

Can sai ga muryar Iya Basira daga bakin layi, tsohuwar da ta shekara da shekaru tana tallar burodi a kan tire, tana jan kiran nan nata da kowa ya haddace. Ta tagar ɗaki Kalsum ta hango mahaifinta. Ya buɗe ido, ya juyo da kai wajen muryar, yana bin ta har ta fara nisa.

Likita ta ce burodin nan zai cuce shi. Yunwa kuma tana cin sa a gabanta. Kalsum ta rasa wanne ne tausayi a ciki. Ta ja mayafi ta fita da sauri.

Iya Basira ta sauke tire, ta tambaye ta da Yarbanci jikin Baba, ta ce kwana biyu ba ta ga an tare ta a ƙofar gidan nan ba. Ta zaɓo ƙarami mai ɗumi daga ƙasa ta miƙa mata. Kalsum ta ɓoye shi a mayafi kamar kayan sata, har ta wuce Balkissa ba ta yarda sun haɗa ido ba.

Ta zauna a bakin gado ta kwance ledar. Malam Yari ya karɓa da hannu biyu. Ya matsa, burodin ya lotsa ya dawo. Ya kai hanci ya shaƙa, ya lumshe ido, ya yi murmushin da ta kwana biyu ba ta gani ba.

"Yauwa. Wannan shi ne burodi."

Ya ɓare shi biyu, ya zaro lallausan cikin, inda ya fi so, inda yakan ba ta tana ƙarama in ya dawo daga kwata. Ya miƙo mata.

"Ci, Uwata. Tun safe ban ga kin sa komai a baki ba."

"Baba, kai na sayo wa."

"Na sani. Ci mana. Nawa ga shi, anjima."

Ya ɗora sauran a ƙirji, ya rufe da tafin hannu, ya koma ya kwanta. Ta jira ya kai baki. Bai kai ba. A nan ta gane ba burodin ne ya gagara ba, cin ne ya tafi, kuma babu kasuwar da za ta je ta sayo shi.

Ta sa lomar a baki don yana kallon ta. Tana cikin taunawa aka kawo wuta. Yaran layi suka ɗauki ihu, fanka ta fara juyawa, a falo injin ya yi ƙara yana jiran a zuba masa gari. Kalsum ba ta tashi ba.