Igiyar Ɗakin Kawu Fachtna

Kawuna Fachtna Cronin ya yi shekara arba'in da ɗaya yana gyaran takalma a wani ɗaki da ke ƙarƙashin matakala a titin South Mall, cikin birnin Cork na ƙasar Ailan. Ni na koma wurinsa ne bayan an rufe masaƙar da nake aiki, ya ce in zo in riƙa yi masa ɗinki tunda idonsa ya fara gajiya.

Kowa a garinmu ya san titin nan da can ruwa ne. Reshen kogin Lee ne aka rufe da dutse aka shimfiɗa hanya a kai, shekara ɗari biyu da suka wuce. Shi ya sa tsofaffin gidajen ke da matakala a waje: fataken man shanu su hau sama, jiragensu na ruwa su shige ƙasa. Ɗakinmu irin ma'ajiyar jiragen nan ne. A bangonsa na ciki akwai ƙaton zoben ƙarfe, da igiya baƙa ɗaure a jikinsa, ta bi ta cikin ragar ƙarfe da ke daɓe ta sauka cikin duhu. Kullum a jiƙe take, kullum a miƙe tamau. In ruwan teku ya taso ya cika kogin, sai ka ji tana kuka a hankali.

"Kawu, mene ne a can ƙarshenta?" na tambaye shi ran farko.

"Gobnait, ke dai ɗinki kika zo yi," ya ce. "Haka na same ta, haka wanda ya sayar mini da wurin ya same ta."

A shekarar da na cika biyu a wurin, ruwa ya shigo mana sau uku cikin wata guda, ya lalata fatu. Kawu ya kira taubashinsa Malachy Twomey, magini, mutum mai ƙiba da dariya, ya zo ya duba bango. Su biyun ba su taɓa haɗuwa ba su yi tsiya ba.

"Kai tsohon ɓera, har yanzu kana ramin nan?" Malachy ya ce tun daga ƙofa.

"Ina nan, ina jiran ka rame ka iya shigowa."

Malachy ya ce ta ragar nan ruwan ke hawowa, siminti kawai za a zuba a rufe. Kawu ya ce a taɓa ko'ina ban da nan. Ranar Laraba Kawu ya tafi asibiti a duba masa ido. Ina gaba ina sallamar wata mata, sai na ji wata ƙara kamar an tsinka tsirkiya. Na leƙa, na ga Malachy da wuƙar yankan fata a hannu, ya yanke igiyar, fuskarsa ta yi fari fat.

"Ba faɗuwa ta yi ba," ya ce. "Fizge ta aka yi."

Duk da haka ya kwaɓa simintinsa ya shafe wurin. Da Kawu ya dawo ya gani, bai yi faɗa ba. Ya zauna kan kujerarsa, shayin da na ba shi ya huce a hannunsa.

Washegari da tsakar rana, ƙararrawar cocin Shandon ta gama buga sha biyu ke nan, wani mutum ya tsaya a bakin ƙofarmu. Ranar babu ko yayyafi, amma ruwa na ɗiga daga rigarsa ta ulu. Ɗakin ya cika da warin laka da gishiri. Ni ɗiyar sana'a ce, ƙafa na fara kallo. Takalmansa ba dama ba hagu, duka biyu fasali ɗaya, irin waɗanda ban taɓa gani ba sai a gidan tarihi.

Ya yi magana da tsohon harshenmu na Ailan, wanda ni kaɗan nake ji. Kawu, da ya tashi a hannun kakarsa, ya miƙe tsaye ya amsa. Mutumin ya juya ya fita. Na bi shi da sauri. Titi cike yake da ma'aikatan banki masu fitowa cin abinci, babu shi babu alamarsa.

"Me ya ce, Kawu?"

"Ya ce an kwance su. Su shida ne a jirgin, ruwa na jan su, kuma ba su ganin haske."

Kawu ya aike ni bakin tashar jiragen ruwa wurin masu sayar da kayan jirgi, na sayo igiya mafi tsawo da suke da ita. Ya kira Malachy. Wannan karon babu tsiya.

"Ɗan'uwa, zo da gudumarka."

Malachy ya fasa simintin da ya zuba jiya. Kawu ya ɗaure bakin igiyar a zoben, ya durƙusa yana zura sauran cikin ramin. Can ƙasa muna jin ruwa na gudu. Igiyar ta tafi, ta tafi, har ta kusa ƙarewa. Kawu ya sa baki a ragar ya yi kira da tsohon harshe. Shiru. Ya sake kira.

Sai aka amsa. Muryoyin maza ne, daga nesa, ɗaya bayan ɗaya. Malachy ya yi alamar gicciye ya ja da baya har ya ture teburin guduma. Nan take aka ja igiyar da ƙarfi, ta matse hannun Kawu da ƙarfen ragar. Kafin mu zare shi, yatsu biyu sun karye.

Yatsun ba su ƙara lanƙwasuwa ba, ya bar mini shagon. Malachy kuwa bai sake karɓar aiki a tsakiyar gari ba, ya koma gine-gine a kan tudu, dariyarsa ma ta ragu.

Wata Lahadi na kai wa Kawu burodi a gida, na same shi yana kallon taga.

"Kin ƙirga muryoyin?" ya ce.

"Ban iya ba, Kawu. Tsoro ya hana ni."

"Biyar ne. Wanda ya hawo neman taimako bai samu hanyar komawa ba."

Shekara tara na riƙe shagon, sannan bayana ya gaza, na miƙa shi ga wata mata mai yankan makulli, Assumpta Looney. Na gaya mata komai ban rage ba. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce in dai igiya ce ba za ta taɓa ba, ta ma samu wurin shanya tsumma.

Bayan wata guda muka haɗu a kasuwa wajen masu kifi. Ta kama hannuna ta ja ni gefe.

"Gobnait, don Allah, akwai wani dattijo mai jiƙaƙƙiyar rigar ulu da ke zuwa kullum da sha biyu ya tsaya gefen matakala. Ba ya shigowa, ba ya roƙon komai. Jiya na miƙa masa shayi."

"Ya karɓa?"

"Bai karɓa ba. Nuna mini ƙasa kawai ya yi ta yi."