Zanzaro a Gugan Maikano

Maikano ɓarawo ne. Bai fasa ɗakin kowa ba, amma ya saci ƙarfin tsoho har kwana arba'in, kuma a wurina wannan ya fi muni.

Lambunsa yana jikin na Gwadabe a bakin kogin Wudil, kunya ɗaya ta raba su. Gwadabe ya haura sittin, idonsa ya yi yana. Fari ya cinye masa gero da damina, don haka albasar ranin nan ita ce abincin gidansa. Kullum yana kan jigo, ya tsoma guga, ya ɗago, ya juye a hanyar ruwa. Tafukansa suka yi kanta har suka tsage. Duk da haka albasar sai ƙara ƙanjamewa take yi.

"Baba, ƙasar taka ce ta tsufa, kamar mai ita," in ji Maikano daga inuwa.

"To, sai in ƙara ja," in ji Gwadabe. Ya kuwa ƙara.

Ran nan matarsa Hansai ta kawo masa fura. Ta dubi lambun maƙwabci, kore shar. Ta leƙa jigon Maikano.

"Malam, yaushe yaron nan yake ban ruwa?"

"Ya ce bayan na tashi."

"Da wane gugan? Zanzaro ya yi gini a cikin nasa, har ginin ya bushe."

Ta ɗauki fartanya ta bi kunyar tana dubawa. Inda ta ga danshi ta sara. Sai ga indararon ƙasa a binne, bakinsa ɗaya a hanyar ruwan Gwadabe, ɗayan a lambun Maikano.

Gwadabe ya durƙusa ya lalube shi da hannu. Bai zagi kowa ba. Sai ya ce, "Ashe ruwan yana isa. Ni na zaci ƙarfina ne ya ƙare, na ji kunyar gaya miki."

Albasarsa ba ta farfaɗo ba, lokaci ya riga ya wuce.

Mai unguwa ya tara masu lambu, aka aza indararon a gabansu. Aka ba Gwadabe albasar Maikano duka. Aka sa Maikano ya ja jigon lambun har ranar cira, sannan aka karɓe lambun daga hannunsa.