Ranar da Aka Wanke Gidan Soja

Da Auta za ta koma jami'a, amana ɗaya ta bar wa babanta: Soja, wani kifi dangin tarwaɗa mai sulken ƙashi daga kai har wutsiya. Kakanninsa a kogunan ƙasashe masu zafi suke, cikin laka da ruɓaɓɓen itace. Shi kuwa a akwatin gilashi yake zaune, kusa da talabijin.

"Baba, abinci kawai za ka zuba masa. Don Allah kada ka gyara komai."

Ta san halinsa. Shi ne ya taɓa gyara mata keke har ta koma tafiya a ƙasa.

Baban Auta ya yi ritaya, amma hannunsa bai yi ba. Wata safiya ya ga gansakuka ta rufe gilashin, ga wani baƙin kututture mai yauƙi a ƙasa, ya ce wannan ƙazanta ba a gidansa ba. Ya kwashe ƙananan kifayen da ke zaune tare da Soja a bokiti, ya kankare gilashi tas, ya wurga kututturen a kwandon shara. Sannan ya ja da baya yana jiran yabo.

"Ya yi kyau," in ji Maman Auta. "Ina mai gidan?"

Babu Soja a bokiti. Ya duba ƙarƙashin kujera, ya leƙa rariya, har kyanwar maƙwabta ya harara.

"Anjima Auta za ta kira, kuma sai an nuna mata shi. Ni dai ban ga komai ba, babban injiniya."

Motar shara ta yi hon a waje. Nan ya tuna Auta ta ce Soja a rami yake wuni, sai duhu ya yi yake fitowa kiwo. Ya zura da gudu da takalmi ɗaya, ya cafke kwandon a hannun mai kwasar shara.

"Yallaɓai, yau kuma shara ake fasa zubarwa?"

"Wannan da ɗan haya a ciki."

Ga Soja kuwa a kogon itacen, ya baje ƙayoyinsa ya tokare, ko motsi. Baban Auta ya mayar da kututturen cikin ruwa, ya tsuguna yana addu'a. Can sai Soja ya fito, ya haura sama, ya haɗiyi iska, ya koma. Irinsu suna ajiye iska a ciki, shi ya sa zaman shara bai kashe shi ba.

Da Auta ta kira, ya haska mata akwatin da waya yana murmushi.

"Baba, ina gansakukar? Ita ce fa abincinsa!"

"To, ai kututturen dai ban taɓa shi ba."

"Mene ne wancan a jikinsa?"

Ɓawon ƙwai ne.

"Mama, daga yau ke za ki riƙa kula da shi."

Yanzu an bar wa Baban Auta kallo kawai. Maman Auta ta ce shi da Soja sun dace: masu gashin baki biyu, kowa kwance a inda aka ajiye shi.