Rumbun Hotunan Surukin Injiniya

Kuskure kowa yana yi. Abin da yake kai mutum ƙasa shi ne kunyar buɗe baki ya ce "na yi ɓarna" tun ɓarnar tana ƙarama. Wannan kunyar ce ta ci wani mai gyaran kwamfuta da 'yan layinsu suke kira Injiniya, kuma a gaban surukinsa ta ci shi.

Surukin nasa tsohon mai hoto ne, kowa Baba Mai Hoto yake ce masa. Shagonsa yana ƙasan wani bene, gaba wurin ɗaukar hoto, baya kuma wani ɗan ɗaki mai fanka ɗaya da benci. A ɗakin nan aka ajiye sabar shagon, wato babbar kwamfutar da sauran ƙananan suke ɗebo aiki daga cikinta. Faifai goma sha biyu ne jere a gabanta kamar aljihunan tebur, an haɗa su wuri guda sun zama rumbu ɗaya. Duk abin da tsohon ya ɗauka tun yana da baƙin gashi yana ciki, har da faifan bidiyon marigayiya matarsa tana dariya a tsakar gida. Da can yakan kwafe aikinsa a wani wuri daban. Injiniya ne ya ce masa ya daina wahalar da kansa, ai ko faifai ɗaya ya mutu sauran suna riƙe da kayan. Tsohon ya yarda, don mijin 'yarsa ne ya faɗa.

Wata safiya sabar ta ƙi tashi. Babbar manhajar da take tayar da ita ce ta lalace, hotuna kuwa suna nan lafiya a rumbunsu. Matar Injiniya ce ta kai masa saƙon yana sa takalmi.

"Baban yara, Baba ya ce ka leƙa shi. Da Tabarau zai kira, na ce ina, ga gwani a gida."

"Tabarau kuma? Me ya sani wanda ban sani ba?"

Tabarau abokin sana'arsa ne, tare suka buɗe shago, suka rabu baram-baram a kan wa ya fi wa iyawa. Tun daga nan ko a hanya suka haɗu sai ɗaga hannu.

Injiniya ya isa da jakarsa, ya durƙusa ya gaishe da surukinsa, ya ce aikin ba wani abu ba ne, sabuwar manhaja kawai zai ɗora. Tsohon ya ja benci ya zauna a bayansa yana goge gilashin kyamara da gefen riga.

Ya soka filashin da sabuwar manhajar take ciki, ya kunna. Manhajar ta taso, ta zo inda za ta tambayi faifan da za a ɗora ta a kai, sai ta nuna fili fayau. Ba ta ga faifai ko ɗaya ba. Ya kashe, ya sake kunnawa, ya canza kafar filashin. Shiru. Gumi ya fara tsatso masa a ƙeya, ga fanka tana juyawa.

"Lafiya dai, Injiniya?"

"Lafiya lau, Baba. Haka suke yi, sai an lallaba su."

Ya shiga shafin wani kati na cikin sabar, wanda yake kula da faifan. Nan katin ya ce ya tarar da wani tsohon tsari rubuce a jikin faifan, a karɓe shi ko a share. To ga inda gizo yake saƙar: duk irin waɗannan kwamfutocin da Injiniya ya taɓa haɗawa sababbi ne fil daga kwali, babu komai a ciki. A irinsu sharewa ake yi a gina sabo, hannunsa ya saba da haka kamar yadda ya saba da ɗaure igiyar takalmi. Kafin kansa ya gama karantawa, yatsansa ya riga ya danna.

Rumbun ya ɓace daga allon. Faifai goma sha biyu suka tsaya kowanne shi kaɗai, kamar ba su taɓa sanin juna ba.

Ya san abin da ya yi. Ya kuma san, don ya taɓa gani da idonsa a tsohon shagonsu, cewa Tabarau ya iya mayar da irin wannan. Wayarsa tana aljihun gaba, lambar tana ciki, bai taɓa goge ta ba. Ya ciro ta, ya duba, ya ji numfashin tsohon a bayansa. Sai ya hango kansa yana cewa "mutumina, zo ka cece ni" a gaban uban matarsa, ya hango Tabarau yana shigowa yana gyara gilashinsa da ɗan murmushin nan nasa. Ya mayar da wayar.

Ya ce wa zuciyarsa, in na sake haɗa su yadda suke, ƙila kayan su dawo da kansu, ba wanda zai sani. Ya zaɓi faifan duka, ya gina sabon rumbu. Katin ya tambaye shi ko a wanke rumbun tas kafin a fara aiki da shi, har ya ja masa kunne da jan rubutu. Ya tsaya jim. Ya san in ya ƙi, sai ya zauna yana lalube a gaban tsohon har yamma, ga shi bai san me zai laluba ba. Ya ce a wanke.

Wani siririn layi ya fito a ƙasan allon ya fara rarrafe. Fitilun faifan duka suka hau ƙyaftawa tare.

"Kai, ga su nan sun farka," in ji tsohon, ya matso da bencin. "Wannan layin fa, me yake yi?"

"Yana tattara hotunan ne, Baba."

"Madalla. Allah ya yi maka albarka. Ni dai na sha faɗa wa 'yar nan ta yi dacen miji."

Ya aika aka kawo shayi, shi da kansa ya zuba wa surukin nasa, ya ƙara masa sukari. Injiniya ya karɓa da hannu biyu. Yana zaune yana kallon layin nan yana cin aikin rayuwar mutumin da yake ba shi labarin yadda ya sayi kyamararsa ta fari. Ko a lokacin, da ya zare wayar wuta daga bango, da an tsira da wani abu. Sau nawa hannunsa yana motsawa, sai tsohon ya yi dariya a kan wani labari, shi ma ya yi yaƙe, hannun ya koma cinya.

Washegari da hantsi layin ya kai ƙarshe. Ya samo 'yar manhajar da take sa a ga katin, wadda rashinta ne tun farko ya hana a ga faifan, abin da bai fi a sauke a ɗora ba. Sabar ta tashi tsaf, har da ɗan kiɗanta. Tsohon ya sa gilashinsa na karatu ya ce a buɗo masa aikin makon jiya, masu shi suna hanya.

Injiniya ya buɗe. Fari fat.

"Ina suke?"

"Wataƙila... wani lokacin sukan ɗauki lokaci kafin su fito."

Tsohon ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Ya fita gaban shago, Injiniya yana jin sa yana waya a hankali.

Tabarau ya zo ba da jimawa ba. Babu murmushin da Injiniya ya ji tsoro. Ya gaishe da tsohon, ya ce wa Injiniya "mutumina, sannu da aiki", ya zauna ya buɗe inda katin yake ajiye tarihin duk abin da aka danna. Ya karanta, ya cire gilashinsa ya murza ido.

"Baba, in faɗi gaskiya?"

"Don ita na kira ka."

"Da farko an share tsarin ne kawai. Wannan kamar a cire lambobin ɗakuna ne, kaya suna ciki ba abin da ya taɓa su. Da a nan aka tsaya, kafin ku gama shan shayi na mayar. Amma daga baya an bi kowane faifai an wanke shi daga farko har ƙarshe." Ya juya wajen Injiniya. "Mutumina, ai lambata ba ta canza ba. Ko zagina ka kira ka yi, da na zo."

Injiniya ya sunkuyar da kai yana kallon tayil. Ya so ƙasa ta tsage.

"Layin nan da muka zauna muna kallo jiya," in ji tsohon, muryarsa ƙasa-ƙasa, "shi ne?"

"Shi ne, Baba," in ji Injiniya.

"Kana sane?"

"Ina sane."

"Ka bar ni ina sa maka albarka."

Bai ɗaga murya ba, bai zage shi ba. Da ya zage shi ma da ya fi sauƙi. Ya dai miƙa hannu, Injiniya ya gane, ya zaro makullin ɗakin baya daga cikin nasa ya ajiye masa a tafi. Tsohon ya fita ya tari masu aikin makon jiya a bakin ƙofa. Injiniya yana ji daga ciki, dattijo mai furfura yana ba yara sa'o'in jikokinsa haƙuri, bai kuma ambaci sunan kowa ba, ya ce laifin shagonsa ne.

A gida matarsa ta riga ta ji. Tana ninke kayan yara, ba ta ɗago ba.

"Har bidiyon Inna?"

"Har shi."

"Na ce za ka kwafo mini a waya, ka ce ba sauri, yana wuri mai tsaro."

Ta ci gaba da ninki. Rigar da ta gama ta sake warware ta, ta sake ninkewa.

Ga abin da kunyar kiran waya ɗaya ta ci masa. Hotunan surukinsa na tsawon rayuwa sun tafi, ba ko ɗaya. Muryar uwar matarsa ta tafi, 'ya'yansa ba za su taɓa jin dariyar kakarsu ba. Makullin ɗakin baya yana aljihun Tabarau yanzu, masu shagunan layin ma da a da Injiniya suke kira sun koma can. Surukinsa yana amsa gaisuwarsa, amma ya daina ce masa Injiniya, sai "mijin yarinyar nan". Matarsa tana zuba masa abinci a kan lokaci, ba ta kuma sake cewa ga gwani a gida ba.