Mutum Na Bakwai

A garinmu Brezina, duk wanda ya ce maka siyasa ba ta dame shi ba, to ba ya hayar gonar kowa ne. Ni Darlene Kucera haya nake yi. Eka ɗari uku na masara da waken suya muke nomawa ni da ƙanena Ray, kuma ƙasar ta Vernon Stehlik ce, shugaban jam'iyyarmu na gunduma. Babu takarda tsakaninmu. Duk farkon Maris yakan ce mu ci gaba, mu kuma mu ci gaba, haka ake yi tun babanmu Emil yana da rai. A shekarar da nake ba ku labari, taron fidda gwani ya faɗo saura kwana tara a shiga Maris, Vernon kuwa bai ce mana uffan ba.

Mu 'yan jam'iyya mai alamar jaki ne, abokiyar hamayyarta kuma alamarta giwa. Kakan babana ya yi jam'iyyar manoma, wadda ta taso da zafinta don yaƙar masu jirgin ƙasa, ba ta daɗe ba jaki ya haɗiye ta da mutanenta. Daga nan jaki ya zame mana gado, kamar ciwon gwiwa. Sauran gari tuni suka sauya sheƙa zuwa giwa, gida bayan gida, har muka zama abin tsokana a shagon kofi. Kuma gaskiya 'yan giwa sun fi mu wayo, takarda suke jefawa a akwati, babu wanda ya san abin da maƙwabcinsa ya zaɓa. Namu ƙato bayan ƙato ne. A taru a ɗakin ƙwallon kwando na makaranta, kowa ya je ya tsaya a kusurwar ɗan takararsa, a ƙirga kawuna kowa na kallon kowa. Babana yana alfahari da wannan al'ada. Shi bai taɓa tsayawa a kusurwar da babu Vernon ba, shi ya sa.

'Yan takara biyu ne. Akwai tsohon gwamna, na Vernon, akwai kuma wani lauya da ya yi alkawarin hana bututun mai ratsa jiharmu. Vernon ya riga ya sa hannu bututun ya bi ta ƙasarsa. Daga can kuma zai wuce ta gefen rijiyar Opal Zeleny, taku ashirin tsakani. Opal ƙawata ce tun muna aji ɗaya, ita ta zauna da ni sati uku lokacin da mijina ya rasu.

Ranar Asabar da rana muka tafi, dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Da Ray ya kashe mota bai buɗe ƙofa ba.

"Yaya, bakinki na haƙura da shi," in ji shi. "Ƙafarki nake roƙo. Yau ki riƙe ta."

Na ce masa ya bar ni, ni ba yarinya ba ce. Na buɗe ƙofa na fita.

Vernon yana bakin ƙofa da rajista a gabansa, shekara saba'in da tara, wuya a miƙe. Ya kama hannuna da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba.

"'Yar Emil, kin rame," ya ce. "Ko ƙasar nan ta fara yi miki yawa ne?"

Na ce lafiyata lau, Kawu Vernon. Ya yi dariya, ya nuna mini inda kofi yake.

An ƙirga mu, mutum arba'in da huɗu. Malamar makarantar da ke jagorantar taro ta karanta ƙa'ida, duk da kowa ya san ta: ɗan takarar da bai samu kashi goma sha biyar cikin ɗari ba, kusurwarsa ta rushe, ba shi da wakili ko ɗaya a babban taron gunduma. A lissafin ranar, mutum bakwai ke nan. Sai ta ce kowa ya kama wurinsa.

Na bi Ray zuwa ƙarƙashin kwandon gabas, inda Vernon yake. Da na waiwaya, kusurwar lauya mutum shida ne cif. Opal, da 'yan'uwa mata biyu masu wanki da guga, da wani tsohon ma'aikacin gidan waya da matarsa, sai Curtis Hlavac, wanda ya dawo gari bara da mata da jariri da sabuwar tarakta, ba shi da ƙasar da zai sa ta a ciki sai 'yar eka arba'in ta uwarsa.

Aka ba da minti goma sha biyar na lallashi. A nan ne ake jan hannun juna, ana tuna wa mutum wanda ya ciro masa mota daga taɓo. Vernon ba ya lallashi. Farantin kolaci, ɗan burodi mai zaƙi da matan coci suka gasa, ya ɗauka, yana zagayawa a hankali, yana tambayar kowa jikin mahaifiyarsa. Duk inda ya tsaya sai hira ta mutu. Ya isa kusurwar su Opal, ya miƙa wa kowa, ya ɗan tsaya wajen Curtis suna magana ƙasa-ƙasa, sannan ya dawo yana share sukari daga yatsunsa.

Da Opal ta kira ni, da na samu abin jin haushi, na tsaya inda nake. Ba ta kira ni ba. Ko kallona ba ta yi ba, don kada ta sa ni a tsaka mai wuya, ta zuba wa takalmanta ido kawai. Wannan ne ya fi ƙarfina. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Saura minti biyu na zare hannuna daga na Ray. Ban san filin nan yana da faɗi haka ba sai ranar. Takalmana jiƙaƙƙu ne, suna ƙara a kan katako, kuma babu wani sauti a ɗakin sai shi. Na isa na tsaya kusa da Opal. Ta matse mini hannu, matar ɗan gidan waya ta ce bakwai, mun cika.

Sai Curtis ya gyara hularsa. Ya wuce ta gabana bai ɗaga kai ba, ya bi sawun ruwan da takalmana suka bari, har ƙarƙashin kwandon gabas.

Malamar ta ƙirga mu sau biyu, kamar tana fatan ta yi kuskure. Shida. Ta ce kusurwar ta rushe, kowa ya zaɓi wata ko ya tafi gida. Opal ta fara saka rigar sanyinta. Ray yana can tsaye, fuskarsa ta yi fari fat, ya ƙi yarda mu haɗa ido.

Vernon ya ɗago mini hannu daga nesa, fuska a sake.

"Dawo mana, 'yar Emil, ai jam'iyya ɗaya muke. Ba a fushi a gidan jaki."

Ban motsa ba, shi ma bai jira ba. Ya dafa kafaɗar Curtis, ya tambaye shi da muryar da ta isa kowane lungu na ɗakin, ko taraktar nan tasa za ta iya da ƙarin eka ɗari uku bana.

Curtis ya ce za ta iya.