Shanun Garbai a Kan Allo

Shekara bakwai Jibirin yana yawo da takardar yarinyar nan a ƙasan akwatinsa. Ya je da ita Damagaram, ya je da ita Yamai, har ɓera ya ɗan gutsuri gefenta a ɗakin kwanan ɗalibai, amma bai yar ba. Takardar jarrabawar lissafi ce ta ƙarshen shekarar 1970, daga lakwal, makarantar bokon da ya fara koyarwa a Gure. A sama an rubuta suna da kyakkyawan hannu: Dija Garbai. An kwafe tambayoyi uku tsaf, ko ɗigo ba a manta ba. Ƙarƙashin kowace tambaya kuwa wayam, babu amsa. A kusurwa ga ƙaton sifiri da jar tawada, kuma shi ya zana shi da hannunsa.

Sifirin nan ne ya kori Dija daga lakwal. Ƴar makiyaya ce, ta taɓa maimaita aji sau ɗaya saboda iyayenta sun daɗe a wajen kiwo, kuma ba a maimaitawa sau biyu. Abin haushin, duk ajin babu mai kanta a lissafi. Kafin Jibirin ya ajiye alli ta ɗaga hannu. Da ta ba da takarda babu amsa, sai ya tsayar da ita gaban yara ya daka mata tsawa: "Me ya sa?" Ta sunkuyar da kai, ba ta ce uffan ba. Shi kuwa ɗan shekara ashirin da ɗaya, sabon mushe, wato malamin lakwal, mai sabon takalmi, ya ɗauka raini ne. Da direkta ya tambaye shi, ya ce, "Ba ta yi ba." Shi ke nan aka sallame ta. Tun daga ranar abu ɗaya ke cin ransa: gazawa ta yi, ko shi ya zalunce ta?

Da Allah ya sa ya samu shiga jami'a a Yamai, sai ya zaɓi karatun auna ƙoƙarin ɗalibai. Kai, ya sha lissafi! Yadda ake tsara tambaya, yadda ake raba maki, yadda ake gane ko jarrabawa ta auna abin da aka ce ta auna. Duk wannan bai taɓa takardar akwatin ba, sai da suka shiga hannun Madam Zaliha, wata siririyar malama mai koyar da binciken da ake yi ta hanyar zama da mutane a ji ta bakinsu.

"Maki zai gaya muku yara nawa suka faɗi," in ji ta. "Ba zai gaya muku dalili ba. Dalili yana bakin yaron. Ku je ku zauna, ku yi tambaya ɗaya, ku kama bakinku. In an yi shiru, ku ƙirga goma a zuci kafin ku tofa. Ku malamai, wannan ne zai fi ba ku wahala."

Ajin ya fashe da dariya. Jibirin bai yi ba. Da aka tashi ya same ta ya ce bincikensa zai yi shi ne a kan yaran da suka sami sifiri a Gure, kuma ya san wadda zai fara da ita.

A hutun daminar 1977 ya hau kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Gure, da manyeton aro mai ɗaukar magana da kaye, littafin rubutu, mai tambayoyi goma sha biyu. Goma sha biyu fa, bayan an ce masa ɗaya! Hali ne, ba ya barin mutum. A kasuwa ya sami labarin Garbai, mahaifin Dija, ya rasu bayan babban farin nan da ya cinye dabbobi, iyalinsa kuma suna zaune kusa da wata rijiya ta wajen Alakos. Wani mai raƙumi ya kai shi, suka isa da hantsi, Jibirin yana tafiya a tale don wahalar sirdi.

Nene, mahaifiyar Dija, ita ta tarbe shi. Ta shimfiɗa masa tabarma a inuwar aduwa, ta kawo nono a ƙwarya, ta gaishe shi sama-sama. Da alama ta gane shi. Can sai ga Dija ta fito daga bukka da goyo a bayanta. Ta yi tsawo, ta rame, amma idanun nan nata suna nan. Ta durƙusa.

"Mushe, sannu da hanya."

Ya yi musu bayani kamar yadda aka koya masa: ga abin da ya kawo shi, ga abin da zai yi da maganar, in ba su yarda ba babu komai. Nene ta dubi manyeton ta ce a rufe abin nan, ita ba ta son akwatin da ke haɗiye muryar mutane. Ya rufe. Ya buɗe kayensa, ya dubi tambayoyi goma sha biyun, sai duk suka yi masa kama da tsawar da ya daka shekara bakwai baya. Ya rufe kayen ma. Ya zaro tsohuwar takardar ya ajiye a kan tabarma.

"Dija, ki ba ni labarin ranar nan."

Ta dubi takardar ta yi shiru. Jibirin ya fara ƙirga. A uku bakinsa ya fara ƙaiƙayi. A shida ya kusa cewa ko ba ki da lafiya ne ranar, ko tambayoyin ne suka yi wuya. Ya danne. Ya kai goma ya sake farawa, gumi yana bin ƙeyarsa. Wata saniya ta yi kuka daga wajen rijiya.

"Mushe, karanta mini ta farkon," in ji Dija. "Faransancin ya gudu."

Ya karanta ya mayar da Hausa: "Garbai yana da shanu arba'in da takwas. Rani ya yi tsanani, rubu'insu suka mutu. Saura nawa?"

Nene ta yi salati ta tofar da yawu gefe.

Ya tuna lokacin da ya tsara tambayar. Daɗi ya ji a ransa, har yana yaba wa kansa. Littafin da ake koyarwa da shi cike yake da jiragen ƙasa da tuffa, abubuwan da yaran Gure ba su taɓa gani ba. Ya ce bari shi ya kawo musu lissafi gida, ya sa shanu, ya sa sunan mahaifin ɗalibarsa da ya fi ji da ita don ta ji daɗi. Ta biyu ta ce sulusin waɗanda suka rage sun ɓata a daji. Ta uku ta ce annoba ta ɗauke rabin sauran.

"Mu ba ma ƙirga shanunmu, Mushe," Dija ta ce a hankali. "Sunansu muke sani. In wata ba ta dawo ba, da ido muke ganewa. Ba a faɗin yawansu, ba a kiran mutuwa a kansu. Kai ka rubuta sunan Baffa a allo, gaban kowa, ka kashe masa rubu'i, ka ce in gama sauran da hannuna."

Jibirin ɗan manoma ne daga Damagaram. A gidansu damman hatsi ake ƙirgawa da ƙarfi, ana murna. Shekara uku ya yi a Gure bai taɓa tambayar kowa wannan ba. Kunya ta rufe shi. Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, sai ya ga ba ta gama ba. Ya sake kama bakinsa.

"Ban rubuta ba," ta ce. "Amma kaina ya yi. Ka san yadda yake, ba ya jira. Ina kwafe tambayar amsar ta faɗo. Na toshe kunnena, na yi addu'a, ta riga ta zo." Ta gyara goyonta. "Da farin ya zo shanun suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, Baffa yana ɗaga su da hannu suna komawa, ni na san abin da na yi. Ko Nene ban gaya wa ba."

Nene ta juyo da sauri. "Ke! Abin da kika ɗauka ke nan duk shekarun nan?" Ta jawo ƴarta jikinta da goyon duka, tana faɗa tana share mata hawaye da bakin zane. "Farin da ya kwashe na kowa daga nan har Bune, ke kika ƙirga musu su ma? Kai, wannan yarinya! Ikon Allah ne, ba kanki ba."

"Dija," in ji Jibirin, "arba'in da takwas ɗin nan a kan teburina na ƙago ta. Ban taɓa ganin garken mahaifinki ba. Shanun takarda kika ƙirga. Laifin nawa ne, ni na yi tambayar da ba a amsawa, kuma ni na kore ki a kanta. Ki yafe mini."

Ta daɗe tana kallon takardar. Jaririn ya motsa, ta jijjiga shi. Sannan ta sa yatsa ƙarƙashin tambayar farko, a filin da ta bari.

"Talatin da shida," ta ce. Ta gangara. "Ashirin da huɗu. Goma sha biyu." Ta ɗago kai. "Yanzu dai ba na kowa zan kashe ba. Daidai ne, Mushe?"

Jibirin ya gyaɗa kai. Ya laluba aljihu ya ciro bik ɗinsa mai jar tawada. Ya ja layi a kan sifirin, ya rubuta goma bisa goma, ya sa kwanan wata ya sa hannu, kamar yadda ake yi. Ya san makin nan ba zai mayar da ita aji ba, ya san ya makara da shekara bakwai. Ya miƙa mata da hannu biyu.

Dija ta karɓa ta nuna wa uwarta. "Nene, kin gani? Na cinye duka."

Nene ba ta san boko ba, amma ta riƙe takardar nesa da ido ta duba sosai, ta gyaɗa kai. Dija ta ninke ta huɗu ta ƙulle a bakin zanenta.

"Mushe," ta ce, "in ka rubuta abin nan naka a Yamai, ka sa sunana. Ka ce na iya."